Talatin da Tara

Ranar ƙarshen wata na rufe taga da wuri,
na naɗe hannun riga, na hura tafin hannu.
Sanyin Jos ya riga ni shiga sito,
ya zauna kan kwalaye kamar shi ma an ba shi lamba.

Kati ya ce arba'in.
Firji ya ce talatin da tara.

Na ƙirga daga dama, na ƙirga daga hagu,
na jera su bibbiyu a kan faranti,
na leƙa bayan ƙanƙara,
na durƙusa na haska ƙasan kanta da fitilar waya.
Allurar tsai da jinin mai haihuwa ce,
'yar kwalbar ba ta kai ƙaramin yatsa ba,
ga ta ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Baba Dalyop da ya bar mini makullin nan,
bayan shekara ashirin da shida yana shaƙar warin ɗakin,
cewa ya yi: Hansatu, magani ma da ajalinsa yake zuwa.
Wanda ya fi kusa da kabari shi ake sa wa gaba,
sabon zuwa ya koma baya ya jira.
Kada kanta ta rame ki ce sai gobe,
motar kaya ba ta san gobenki ba,
tana iya kwana uku a Hawan Kibo da fasasshiyar taya.
Kuma duk abin da hannu ya ɗauka, biro ya shaida.

Na riƙe maganarsa. Ban riƙe ta bara ba,
da kwali goma sha ɗaya na maganin tarin yara
suka mutu a bayan ƙofa ba wanda ya buɗe bakinsu,
na tsaya ana lodinsu zuwa ƙonawa
ina jin tari daga ɗakin yara.

Yanzu zato ya ja kujera ya zauna kusa da ni.
Ya ce: kin ga sabon takalmin masinja?
Ya ce: wa ya yi aikin dare ranar Laraba?
Ya ce: ko ke ce, idonki ya fara tsufa?
Na ce tashi, ba ka cikin lissafi.

Na ja rigar sanyi na nufi ɗakin haihuwa.
Sista Kachollom na ganina da kati ta dafe kai.
Ƙarfe biyu da kwata ne, in ji ta, wuta ta ɗauke,
aka shigo da wata daga Bukuru a keke,
zani ya jiƙe, na biyu ya jiƙe.
Na ɗauki makullin gaggawa da gudu,
na rubuta a tafin hannuna don kada in manta,
sai kuma na wanke hannu.

Ta nuna gado na huɗu da haɓa.
Mace ce zaune, leɓenta ya fara dawo da launi,
tana hura kunun acca a kofin roba,
jariri a gefenta cikin hular ulu da ta yi masa yawa.
Ga kwalbata can.
Ba ta ɓace ba, tana zagaye a jijiyar wata.

Duk da haka na yi faɗa, faɗan aikina ne.
Na miƙa biro, ta sa hannu, ta yi kwanan wata.
Fita: ɗaya. Saura: talatin da tara.
Kati da firji suka yi musabaha.

Na cike takardar neman ƙari tun kafin ta ƙure,
na duba ma'aunin sanyi, yana kan biyar.
An kira magariba daga wajen Gangare.
Saura auduga, saura ruwan ƙari, saura safar hannu,
da kwalin nan na sama
da watan gobe zai yi wa sallama.
Na jawo shi gaba.